Ranar da na yi wa gunki wanka

Duk bayan 'yan shekaru masu bincike kan zo gidan tarihin da nake gadi a Njamena, su duba ko mun cancanci a sabunta mana takardar amincewa. Ana gobe za su zo, na ɗaura aniyar fitar da gidan kunya, ba tare da kowa ya sa ni ba.

A ɗakin ƙarshe akwai wani gunkin yumɓu da aka haƙo a bakin kogi, baƙi ƙirin, dauɗa ta daskare masa har ba a gane fuskarsa. Na kawo soso da sabulu. Ruwan ya fara fita jaja-jaja, yana ƙarni. Sai ga idanu biyu a buɗe, suna kallona. Na yi a'uziyya, na ci gaba da dirza, don ni ba na barin aiki rabi.

Washegari shugabar masu binciken ta dubi hoton da ke hannunta, ta dubi gunkin.

"Wa ya taɓa wannan?" in ji ta.

Na matso gaba, ina jiran yabo.

Ashe dauɗar jinin yankan mutanen dā ne, kuma ita suka zo tabbatarwa muna adanawa. Suka tafi da takardarmu. Daraktan gidanmu ya daɗe yana kallon gunkin, sannan ya ce a hankali, "Malam, ai da kai yake kama."

Har yau in na bi ta kasuwar Mursal, sai wani ya ɗaga murya: "Malam, ya ɗan naka? Ya yi wankan Juma'a?"