Yadda Markus Kwansil Ya Bi Ta Lome

"Wata bakwai? Ni Markus in yi jiran biza wata bakwai? Kwana ashirin kawai nake so, ku da kanku za ku raka ni tasha!"

Haka ya faɗa mana, aboki, a ƙofar shagon Yusufu da ke Zango, yana bugun ƙirji kamar ganga. Markus dai ya taɓa yin planto, wato masinja, na shekara ɗaya a wani ofis, yana kai takardu daga tebur zuwa tebur. Tun daga nan ya ɗauki kansa masanin dokar duniya, har ya laƙaba wa kansa suna Kwansil, wato ƙaramin jakada. Faransancinsa kuwa irin wanda in ya fara, malaman lakwal, wato makarantar boko, sai su tuna suna da uzuri a gida.

Matarsa Dibora, ƙanwar Yusufu, ma'aikaciyar jinya ce. Shekara biyu ke nan tana aiki a wata ƙasar Turai mai sanyi tare da 'yarsu Rifkatu. Baiwar Allah ta haɗa dosiyen takardunsa tsaf, ta samo masa randebu, wato ranar ganawa a ofishin jakadanci, a Yamai. Abin da ya rage masa kawai ya zauna ya jira.

Zaman ne ya gagara.

"Yaya Yusufu, layin Yamai na gidadawa ne," in ji shi. "A Lome ofishin jakadancinsu ba kowa. Shiga da safe, fita da biza."

"Dibora ta sani?"

"Sai dai ta buɗe ƙofa ta gan ni!"

Nan take ya zaro waya ya soke randebun Yamai da babban yatsansa, ya nuna mana kamar wanda ya kashe zaki. Ran Lahadi ya miƙe a majami'a ya yi bankwana, har da share hawayen da babu su. Ya ba ƙanensa kyautar babur. Ya sayo wata jibgegiyar rigar sanyi ta gwanjo ya dinga yawo da ita cikin zafin Afrilu, wai yana saba wa jikinsa. 'Yan kabu-kabu suka koma kiransa Buhun Gawayi.

Kwana huɗu a mota, ya isa Lome ƙafafu a kumbure. Ya doshi ƙofar ofishin kai tsaye. Mai gadi ya tare shi.

"Randebu?"

"Ni ai mijin madam ne!"

"Duk waɗancan ma mazan madam ne," in ji mai gadi, ya nuna masa layi har bakin kwalta.

Dole ya nemi randebu. Sati biyar ya yi a wani ɗakin haya mai sauro kamar tantabaru kafin ranarsa ta zo. Duk yamma sai ya aiko mana hotonsa a bakin teku: "Abubuwa na tafiya daidai." Dibora kuwa ya ce mata yana Gidimuni, gonar albasa, shi ya sa waya ba ta kamawa.

Ranar ta zo. Aka miƙa masa takardar cikewa, wani ya ce zai taimaka masa.

"Ni za a taimaka wa? Ni na koya wa darakta riƙon biro!"

Ya cike ya miƙa wa wata mata mai tabarau a bayan gilashi. Ta ce ofishin nan na mazauna ƙasar ne kaɗai, shi fa?

"Shekarata biyar a nan, madam."

Ta buɗe fasfo, ta manna shi a gilashi, ta ɗora farce a kan hatimin shigowa. Sati biyar cif.

"A al'adarmu ta Damagaram," in ji Kwansil, gumi na sauka, "in mutum yana kewar iyali, sati shekara ne."

Matar ba ta ko murmusa ba. Ta buga wani hatimi, ta ce ya koma ƙasarsa ya nemi sabon randebu, kuma za su sanar da wadda ta gayyace shi. Ya duba layin Yamai a waya: wata goma sha ɗaya.

Ya dawo Zinder ba babur, ba biza, rigar sanyi a hamata. Amma baki bai mutu ba. Washegari ga shi a shagon Yusufu, jama'a cike.

"Bizar tana kan wuta. Irin tawa ta musamman ce, sai minista ya sa hannu."

Wayar Yusufu ta yi ƙara. Dibora ce. Ta ce ya buɗe murya kowa ya ji.

"Baban Rifkatu, yaya albasar Gidimuni?"

Mai shayi ya aje buta.

"Wasiƙar Lome ta iso mini, har da kwafin takardar da ka cike. Maganar randebun da na yi wata uku ina nema ka soke, mu aje ta. Yarinyar nan kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka zo, ita ma mu aje. Abu ɗaya za ka gaya mini. A takardar neman bizar miji, wurin da aka tambayi matsayinka, me ya sa ka zaɓi selibater?"

Markus ya gyara tsayuwa. "To, ai gaskiya na faɗa. Selibater, wato sananne, wanda gari ya san da shi."

Yusufu ya dafe kai. "Selebur ne sananne, Kwansil. Selibater gwauro ne! Ka je neman bizar bin matarka, ka sa hannu cewa ba ka da mata!"

Dariya ta ɓarke har wani ɗan kabu-kabu ya faɗo daga babur.

"Kwantar da hankalinka, Baban Rifkatu," in ji Dibora cikin sanyin murya. "Sananne dai yau ka zama. Gwauron kuma, ka ƙara taɓa mini takarda ɗaya, shi ma zan cika maka."