Rasuwar Husaini, Batirin Motata Mai Ɗaki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye don kunya, ni Alhaji Ilyasu Mai-albasa na unguwar Yelwa a Garwa nake sanar da 'yan'uwa, direbobi da makanikai rasuwar batirina Husaini. Kada kowa ya zargi sanyi ko tsufa. Son araha ne ya kashe shi, kuma ni na so ta. Araha dai ba ta ado.

Marigayin ya zo gidana shi da ɗan'uwansa Hassan cikin motar nan mai gado da murhu a ciki, wadda na saya hannun wani Bature mai yawon duniya. Injinta na gazuwal ne, wato dizal, batir biyu ke tashinsa, a ɗaure da juna. Shi ya sa na raɗa musu sunan tagwaye. Shekara huɗu ina kai albasa Tibati, in sayo ɗanyen kifi a tafkin Mbakawu, in zuba masa ƙanƙara in sayar a Ngaundere, bai taɓa sa na roƙi turi ba. Da an murɗa makulli sai ka ji “gur-gur-gurrum!”, kaji su watse. Bai san ƙorafi ba. Abincinsa ɗan ruwan batir sau ɗaya a wata.

Ciwon ajalinsa ya faro bara, da Hassan ya riga shi gidan gaskiya. Makanikena Léon ya ce mini, da ladabinsa, Baba, tagwaye ba a yi wa ɗaya riga a bar ɗaya. Ya ce in sayi sababbi guda biyu, manya, girmansu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya. To lokacin an karya darajar kuɗin sefa, komai ya ninka. Na ce masa tun yana rarrafe nake tuƙi. Na aika garin Kuseri aka kawo mini wani ɗan batirin tasi mai kyan fenti, na haɗa shi da Husaini. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Ashe baƙon nan ci-ma-zaune ne. Husaini ya tada injin, ya kuma ciyar da baƙon, wata bakwai, har muryarsa ta koma “gur… gur…” kamar tsoho mai tari. Na ji, na ce sanyin tudun Adamawa ne.

Ranar Talata da hantsi, a bakin tafki, kifi kwando tara a cikin mota, ƙanƙara ta fara narkewa, na murɗa makulli. Ya ce “ƙyat.” Na sake. “Ƙyat.” Daga nan bai ƙara magana ba. Masunta goma sha biyu suka tura, motar ta nutse cikin laka har gindi. Kwana biyu kafin Léon ya iso, da ya zo dariya kawai yake ɓoyewa cikin hula.

Marigayin ya bar injin guda, fitilu huɗu, rediyo mai kama tasha ɗaya, da baƙon da ya cinye shi, wanda shi ma bai kai Laraba ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a garejin Léon. Daga nan a kai gawar wurin maƙera su narkar da dalmarsa a yi wa masunta nauyin taru, ya koma wajen kifin da ya yi wa hidima. Masu zuwa ta'aziyya akwai shayi. Don Allah kada wanda ya kawo kifi, kada kuma wanda ya ce “ai an gaya maka.” An gaya mini.

Abin da na rasa: batir biyu, kifi kwando tara, kwana biyu, cinikin Madam Florentine mai gidan abinci da ta koma wurin wani, da bakin yi wa Léon faɗa har abada.