Makullin Sa Hannu da Gwajin da Ba Ya Faɗuwa

Jama'a, yau tun da safe na rufe shagona na tafi sabunta lasisin kasuwanci, na dawo da ciwon baya da ilimi. Kun san manyanmu, Allah ya ƙara musu hangen nesa, sun ce zamanin biro da tambari ya wuce. Yanzu kowane ɗan kasuwa an ba shi wani ɗan makulli kamar filashi, ka soka shi a kwamfuta, ka buga lambar sirri, shi ya sa maka hannu, wai ba mai iya yin jabunsa.

Da layi ya zo kaina, akawu ya soka nawa. Shiru. Ya zare, ya hure shi, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar. Kwamfuta ta ce ba ta san da zuwan kowa ba.

"Malam, laifinka ne," in ji shi. "Duk an gwada su, sun ci jarabawa."

Mai sayar da taya da ke bayana ya ce, "To mu ne muka faɗi ke nan, don nawa ma tun jiya yake azumin magana."

Da na koma gida na tarar da ƙanwar matata, wadda muke kira Injiniya, ta zo gaishe da yayarta. A ma'aikatar da ta raba makullan take aiki, sashen kwamfuta. Na ajiye mata nawa a kan tebur, na ce, "Ga ɗanku, ya ƙi ni."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yaya, ai ni aka sa na rubuta shirin gwada su."

Na gyara zama. Ta ce shirin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ya nemo makullin, ya tambaye shi ko shi wane ne, ya ba shi lambar sirri, ya miƙa masa ɗan rubutu ya sa hannu, sannan ya duba ko sa hannun na gaske ne. In ya tsallake duka, allo ya nuna kore. In ya yi tuntuɓe, ja. Haɗa shirin ma sai da ta sha fama, don fayil ɗin da ɗan kwangilar da ya kawo makullan ya turo domin kwamfuta ta iya magana da makullin, na wani samfuri ne daban. Ta yi ta kiransa, yana ce mata yana cikin taro, har ta samo daidai da kanta. Da shirin ya tashi, ta ɗebo makullai daga kwali ta fara sokawa. Ja, ja, kore, ja.

Ta ɗauki kwamfutarta ta nufi ofishin Ranka Ya Daɗe Babban Darakta, Garkuwar Fasaha, Gatan Masu Kwangila. Ya kalli allon kamar an nuna masa hoton gawa.

"'Yata, ja kuma? Ga bikin ƙaddamarwa ya matso?"

"Yallaɓai, ba a fafe gora ranar tafiya. A mayar wa ɗan kwangila da kayansa tun yanzu."

"Kin tabbata ba shirin naki ne ke da zafin rai ba?"

Ta ce shirin ba shi da rai balle zafinsa. Ya yi mata godiya, ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kuma gaskiyarsa, don ya hango wani ƙwararre daga waje, surukin wani, aka ɗauko shi ya gyara shirin. Bawan Allah ya yi aiki tsakani da Allah: ya goge duk tambayoyin, ya bar layin ƙarshe kawai, mai cewa an yi nasara. Ni dai ban taɓa jin tausayi irin wannan ba. Da haka ake jarabawa a zamaninmu, da yanzu ni likita ne.

Ranar biki, in ji Injiniya, aka kafa rumfa, aka jera kujeru, Mai Girma Babban Baƙo ya danna maɓalli, allo ya yi kore shar. Aka tafa, aka ɗauki hotuna. Makullin da ake gwadawa kuwa yana cikin akwatinsa a kan faranti, a hannun matar da ke jiran a ce ta miƙo. Ba wanda ya soka shi. Mutanen da suka lura suka ƙara ƙarfin tafi.

Ita kuma aka yi mata ƙarin girma zuwa sito, ɗaki marar taga, ita da kwalaye. Yayarta ta ce, "Ke ma da kin yi shiru." Ta ce in ta yi shiru, watarana makullin banza zai sa hannu a kan fanshon wani tsoho a ce jabu ne, wa za a kama?

Ta ciro kwamfutarta ta soka nawa a shirinta na asali. Bai ko amsa sallama ba. Ja.

Amma ku ji inda kiɗa ya sauya. Da yake sito babu aiki, ta zauna tana gwada makullan tana ware masu rai gefe guda. Labari ya fita. Yanzu direbobin manya ne ke mata layi, kowa da saƙon gaisuwa. Shekaranjiya masinjan Ranka Ya Daɗe da kansa ya leƙo, ya rage murya, ya ce Oga na son guda, amma daga cikin waɗanda ta gwada da nata shirin.

Na ce, "To ni fa, dangi na jiki?"

Ta ce ba ta da ikon ba ni, sai ofis ya yi rajistarsa da sunana. In nemi canji ta intanet.

Na nema. Tsarin ya karɓe ni hannu biyu, ya yi mini barka da zuwa, ya ce saura abu ɗaya: in tabbatar ni ne, ta hanyar sa hannu da makullina. Lasisina zai ƙare ƙarshen wata, kuma na ji masu rufe shaguna har yanzu kwaɗon ƙarfe suke amfani da shi. Wannan kam bai taɓa faɗuwa gwaji ba.