Jakin Japan na Mudi Janar

Duk wanda ya san layin 'yan tireda na Tudun Wadan Zariya ya san Mudi Janar. Ba soja ba ne, ko bindigar roba bai taɓa riƙewa ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma in ka kira shi Mudi gatsau, sai ya yi kamar da wani kake. Mutum ne wanda in ya fara cika baki, sai ka nemi wurin zama, don ba yanzu zai sauka ba.

Gidan wasan gem gare shi tun zamanin da ake jefa wa inji sulalla. Da wayar hannu ta zo ta kwashe masa 'yan wasa, shagon ya koma na sayar da caja da lemon kwalba. Abu ɗaya ya rage masa na tinƙaho a duniya, wani tsohon inji mai tsayin mutum a ƙuryar shago, lulluɓe da zanin gado.

A faɗi gaskiya, injin ba na banza ba ne. Cikin kayan gwanjo ya zo daga Legas. Wani ɗan ƙaramin kamfani a Japan ne ya ƙera shi don gwaji, kafin a kai shi kasuwa kamfanin ya durƙushe. Wasan da ke ciki na wani jaki ne mai raba wasiƙu, shi ya sa Mudi ya sa masa suna Jakin Japan.

To, nan gaskiya ta tsaya. Daga nan sai zuƙi ta malle.

Kullum da la'asar, in an hallara a bencin ƙofar shago, Mudi zai gyara hula ya ce, "Mataki arba'in ne cif! A na goma sha biyu akwai kada mai kai uku. A na talatin, ruwan wuta ake yi daga sama. In ka gama na arba'in, sarkin aljanun teku ne zai fito ya sara maka. Ni ya sara min. Sau tara."

Tanimu tela, maƙwabcinsa, wanda bai taɓa yarda da shi ba ko a kan farashin albasa, ya ce, "To Janar, ka buga mana mu gani mana. Gani ya kori ji."

"Kai me ka sani game da inji? Keken ɗinki ka sani. Wannan in ya ji numfashin jama'a zafi yake ɗauka. In ya ƙone, kai za ka je Japan?"

Abin da babu wanda ya sani shi ne, shekara goma sha tara ke nan Mudi bai taɓa wuce mataki na biyu ba. Wani rami ne a tsakiyar hanya. Da azahar yakan kulle kansa a shago ya kunna. Jaki ya taho ƙwas ƙwas ƙwas, sai suuu, tim! Ya gwada da gudu, tim! Ya gwada a hankali, tim! Har da alwala ya taɓa gwadawa. Abin na ci masa rai ba kaɗan ba, amma yakan lallashi kansa da cewa tun da babu mai irin injin a duniya, babu mai ƙaryata shi.

Ana nan, ran wata Talata sai ga wata mata da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ta ce sunanta Injiniya Rakiya, tana cikin wata ƙungiya mai ceto tsofaffin wasanni kafin su ɓace.

Ta ce, "Baba Janar, aikinmu mai sauƙi ne. Zan kwafi abin da ke cikin ƙwaƙwalwar injin, in sa shi a wata manhaja mai kwaikwayon injin sak. Sai mu ɗora a intanet, kowa ya sauke kyauta, ya buga a wayarsa."

Mudi ya zabura. "Kowa? Kyauta? 'Yata, abin da kowa ke da shi ai ruwan famfo ne."

"Baba, kayan cikinsa sun fara tsatsa. Ranar da ya mutu, jakin nan ya tafi ke nan har abada. Kuma fa sunanka za mu rubuta a sama, a ce kai ka adana shi."

"Sunana? Za a gani har ina?"

"Duk duniya."

"Har Japan?"

"Har Japan."

Nan take kan Mudi ya kumbura. Ya yi lissafi a ransa: ramin da ya gagari Janar shekara goma sha tara, wane ɗan tsako ne zai wuce shi? A bar su su sauke. Duniya ta taru ta yi ta faɗawa rami, sannan a san waye Janar.

Ya ce, "Na yarda. Amma ki rubuta cewa ni kaɗai na kai mataki arba'in."

Rakiya ta ce, "Zan rubuta, in ƙara da in ji shi."

Ta buɗe bayan injin, ƙadangare biyu suka fito a guje. Ta yi awa uku tana jone-jone da goge-goge, ta kwafe abinta ta tafi. Ran Alhamis ta kira shi a waya.

"Baba Janar, na gwada wasan. Akwai maganar da nake so mu yi kafin gobe, mu biyu kawai."

"Ramin ne ko? Ha ha! Kada ki ji kunya, 'yata, maza ma sun yi kuka a wurin. Sai gobe!" Ya kashe wayar.

Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Mudi ya gayyato layin kakaf. Ya sha babbar riga mai aiki, ya hayo lasifika, har kujerun roba ya jera. Rakiya ta tura wasan daga waya zuwa waya. Inna Ladidi mai ƙosai, wadda ke suya a bakin layin, ta goge hannu a zani ta miƙa wa Tanimu wayarta mai fasasshen gilashi, ta ce a sa mata ita ma ta ga jakin da aka dame su da shi.

Mudi ya hau benci ya kama lasifika. "Jama'a, ina ba ku haƙuri tun yanzu. Wanda ya kasa, kada ya karaya. Ba kowa aka halitta Janar ba. Ni kaina sai da na yi wata shida kafin in kashe kadan nan mai kai uku. Da na sare kan farko, sai na biyun ya..."

"Janar!" Muryar Inna Ladidi ce daga baya. "Abin nan fa ya mutu a hannuna."

Mudi ya yi murmushin tausayi. "Rami ne, Inna. Ki koma ga kaskonki."

"Wane rami? Na wuce rami tun ɗazu. Na kai wasiƙu gida uku, sai fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin, ga wani rubutu."

"Ni ma haka!" in ji mai faci.

"Ni ma!" in ji mai shayi.

Mudi ya sauke lasifika. Inna Ladidi ta wuce rami? Da hannun mai?

Tanimu ya karɓi wayar ya miƙa wa Rakiya. "Injiniya, karanta mana, da ƙarfi, don na bayan su ji."

Rakiya ta dubi Mudi, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Cewa aka yi ƙarshen gwaji ke nan. Mataki uku kawai suka gina kafin kamfanin ya rufe."

Jama'a suka juyo gaba ɗaya suna kallon Mudi.

Tanimu ya gyara zama, ya ce a hankali, "To Janar, shi kadan mai kai uku, a wace unguwa yake?"

Amma Mudi ba ya faɗuwa da sauƙi. Ya diro daga benci. "Kwafi ne! Kwafi ai ba ya zama asali! Sauran talatin da bakwai ɗin suna cikin injina, waya ba za ta iya ɗaukarsu ba!"

"Madalla," in ji Tanimu. "Ga fili ga mai doki."

Kafin Mudi ya kawo uzurin ɗaukar zafi, majiya ƙarfi huɗu sun cicciɓo injin sun dire a ƙofar shago, sun jona wuta. Aka yaye zanin gado. Jama'a suka yi dafifi, har da masu leƙe ta kafaɗa. Mudi ya naɗe hannun babbar riga, gumi na bin gemunsa. Mataki na ɗaya ya wuce lafiya, ya ɗan samu numfashi. Na biyu ya buɗe. Jaki ya taho ƙwas ƙwas ƙwas. Ga ramin can yana jiransa kamar kullum.

Inna Ladidi ta zungure shi. "Danna jan maɓallin nan mana!"

"Inna, ki yi shiru. Jan nan ado ne, ba ya komai."

Rakiya ta ce, "Wayar wutar maɓallin ce ta cire, Baba. Na jona ta ranar da na buɗe."

Ramin ya zo. Mudi ya runtse ido ɗaya, ya danna jan maɓalli.

Ɓoiiing! Jaki ya tashi sama, wasiƙu na kaɗawa, ya sauka caraf a ɗaya gefen.

Mudi ya saki inji, ya dafe hula da hannu biyu. Ya manta da Tanimu, ya manta da Inna, ya manta lasifika na rataye a wuyansa a kunne. Layin gaba ɗaya, har bakin titi, aka ji shi ya kurma ihu:

"La ilaha illallahu! Dama jakin nan yana tsalle?"