Kifin Gwangwani a Ɗakin 'Yar Sarkawa

"Sannu amarya. Ashe har yanzu ba ki mutu ba?"

Ta bangon da ya raba ɗakunansu a unguwar Misfala ta Makka Maryama ta jiyo wannan gaisuwa, ta ajiye tsintsiya. Kwana biyar ke nan maƙwabciyarta, tsohuwa Rumasa'u, ba ta sa komai a baki ba sai kurɓin ruwa. Zazzaɓi ya sake ta tuni, ita ce ta ƙi sakin shimfiɗa. Ta sa an wanko mata likkafani da Zamzam an shanya a igiyar ɗaki, ta ce ta gama. Yau Talata bayan la'asar sai ga jikanta Lurwanu, direban kamfanin mai a Zahran, wanda rabonsa da Makka shekara uku.

"Kai nake jira ka riga ni, in ci gado," in ji wata murya siririya.

"Gadon me? Na sayar da gonar rairayi na yi miki cefane. Kifi ne, salamun sunansa."

"Kifi a gwangwani? Wa ya yi masa kabari?"

"Nasara. Dubi jikinsa, ja kamar an sa masa lalle."

"Kunya ce ta sa shi ja, ya ga hannun da ya faɗa. Fitar min da shi."

"Ba naki ba ne, Sitti kakata. Matattu ba sa cin abincin dare. Ni dai aron tukunya na zo."

Maryama ta ji ana buga wa dafur, wato risho, iska, warin kananzir ya biyo ta ƙofa.

"A ɗakina za ka kunna?"

"Yanzun nan zan gama. Ruwa, kifi, shi ke nan. Sukari cokali nawa ake zubawa?"

Sai gado ya yi ƙara.

"Me ka ce?"

"Sukari. Ko madara ake fara sawa?"

"La'ilaha illallahu! Ni 'yar Sarkawan Yawuri, wadda ubanta ke kamo giwan ruwa da hannu, jinina ne zai sa wa kifi sukari? Ashe barewa kan yi gudu jikanta ya yi rarrafe!"

"Kwanta abinki, kada Mala'ika ya zo ya tarar ba kya nan."

"Ya jira! Zubar da ruwan nan, kifin rijiya kawai. Mai ake fara sawa, sannan albasa. Wannan yanka ne ko faskare? Ba ni wuƙar."

"Hannunki rawa yake."

"Da rawarsa ya yi wa ubanka kaciyar hankali. Ɗauko min ƙullin da ke ƙarƙashin matashi."

"Turaren gawa?"

"Daddawa ce, ja'iri, alhazan Kabi suka kawo min bara."

Maryama ta kasa haƙuri, ta zagayo ta leƙa. Tsohuwa na zaune a kan turmi, ɗankwali ya karkace, tana juya miya. Lurwanu na tsugune yana gutsuttsura gurasar tamis. Babu sukari a ɗakin, ko ƙwaya. Idanunsa sun yi ja, ya ce albasa ce.

"Ɗanɗana min gishiri, amarya," ya ce wa kakarsa.

Tsohuwa ta ɗanɗana. Ta sake ɗanɗanawa da gurasa. A ɗanɗano na bakwai rabin kwano ya tafi.

"Ba laifi," ta ce. "Ƙayarsa ma laushi gare ta, kamar zuciyar masu shekara uku ba su leƙo ba."

Lurwanu ya sunkuyar da kai, sannan ya yi dariya. "Na sallama. Kin ci gari."

"Kifi na ganinka, mai jar koma. Sukari wai!"

"Ni ma ina ganinki, mai farin likkafani. Da kin aiko a kira ni, ai da na zo."

"Sau nawa na aika? Sai da na shanya wannan ka ji."

Aka kira magariba daga Harami. Rumasa'u ta miƙe da kanta, ta dafa bango, ta miƙa wa Maryama sauran miyar. A bakin ƙofa ta waiwayo, buta a hannu, ta nuna igiya.

"Kai, mijin banza, ninke shi ka sa can ƙasan akwati. Ba zan je gaban Ubangijina ina ƙarnin kifin gwangwani ba."