Gadon da Ya Maƙale a Ƙofa

"Sannu da gida, Saje. Ya ƙarfin jiki?"

Kyaftin ta durƙusa ne a tsakar gida, don babu hanyar shiga ɗaki. Sabon gadon katako ya maƙale a ƙofa, rabi ciki rabi waje. Kakanta, tsohon sajen soja, yana zaune kusa da shi yana share gumi. Kakarta kuwa tana can ciki, gado ya tsare ta.

Sallama ta zo yi. An mayar da ita hedikwata, cikin hafsoshin da ke tsara wa babban kwamanda yaƙi, kuma ba ta son tafiya ba da albarkar tsohon ba.

"Na ji labari, amarya," in ji shi. "Kin koma sojan fanka. Na sake ki."

"Wa ya aure ka, tsoho mai haƙori ɗaya?"

"Da haƙorin nan na taɓa cizon tankar yaƙi! A zamaninmu kwamanda ɗaya ne, ya daka tsawa mu tashi. Ku kuwa kafin ku gama taro, abokan gaba sun ci abinci sun wanke hannu."

Ta ji maganar ta taɓa ta, don ita ma jinkirin yana damunta. Ta dubi gadon.

"Yaƙin yanzu da jirage da na'urori, kai ɗaya ba ya ɗaukarsa. Wani ya san hanya, wani ya san mai, wani ya san abinci, sannan kwamanda ya yanke. Af, Saje, wa ya auna ƙofar nan?"

"Soja ba ya aunawa. Ido ya isa."

"Na ce masa ya tafi da igiya!" kakarta ta ɗaga murya daga ciki. "Ya ce shi ba ya karɓar umarni daga farar hula."

"Ka ji shugabar hafsoshinka. Ka kai hari ba shawara, ga shi ka kama matarka fursuna."

"Dabara ce. Kewaye na yi mata."

"To janye mana."

Ya tashi ya ja, gado ko gezau. Kyaftin ta leƙa ƙasa, ta ce a kwance ƙafafun a karkata shi. Kakar ta miƙo sifanar kwance ƙafafun ta taga. Saje ya tsaya yana ba da umarnin abin da aka riga aka fara, har gadon ya shige.

Ya daɗe yana dariya yana tari. Sannan ya cire tsohon usur ɗinsa daga wuya ya rataya mata, ya dafa kanta.

"Allah ya yi miki albarka. In taronku ya yi tsawo, ki busa musu. Akwai 'ya'yan mutane a daji suna jira."

"Sakin fa?"

"Na mayar da ke. Akwai kabad da zan sayo gobe."