Noman Iska

Wani mutum ne ya sayi ƙaramar tarakta, sabuwa dal. Gwanin naku bai taɓa riƙe ko fartanya ba, amma tun daga ranar ya fara tafiya yana buɗa hannuwa.

Mai sayarwa ya zagaya da shi bayanta yana nuna masa. "Ka ga hannuwan ƙarfe biyu a ƙasa, ɗaya a sama. Su ke riƙe garma. Libar nan ta gefen kujera kuwa, in ka ja ta baya garma ta tashi, in ka tura gaba ta sauka. Sannan akwai wani..."

"Malam, na fa daɗe ina tuƙa mota."

"Ai mota ba ta da..."

"Taya huɗu ne ko ba huɗu ba? Miƙo makulli."

To, mutumin yana da wani hali: ba ya ganin abu a sake ya ƙyale. Famfon gidansa ma in ya rufe, sai matarsa ta ɗauko filaya kafin a sha ruwa. Da safe yana goge taraktarsa, garma na ɗage a sama yadda ya taho da ita, sai ya hango wani ɗan mamurɗi a ƙarƙashin kujera, kamar kan famfo. Ya taɓa, ya ji yana juyawa.

"Ka ji 'yan damfara! Sun bar min famfo a buɗe don mai ya riƙa zurarewa."

Ya murɗe shi tam, har sai da jijiyar wuyansa ta tashi. Alhali wannan abin shi ke ba garma hanyar sauka. In ka rufe shi, ko giwa ce ta hau ba za ta motsa ba.

Ranar kuwa gonar surukinsa zai nome. Tsohon ya riga ya sallami mai shanun da ke masa noma duk shekara, saboda mijin 'yarsa ya buga ƙirji ya ce bana shanu sun huta. An yi ruwa jiya, ƙasa ta yi laushi. In ta bushe ba a nome ba, shukar bana ta wuce tsoho, mai shanu kuma ya tafi gonar wani.

Ya iso gona yana ta danna ham, kamar wani ya tare masa hanya. Suruki na zaune a inuwa tare da ɗansa, wani ƙato mai dariyar mugunta.

"Baba, ka zauna ka sha kallo."

Ya tura liba gaba, ya kama sitiyari hannu biyu, ya miƙa. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya, don a ganinsa waiwaye na 'yan koyo ne. Ya je ƙarshen gona ya dawo, ya sake komawa. Haka ya yi ta safa da marwa har rana ta take tsaka, garma na lilo a sama tana sheƙi, ko ƙwayar ƙasa ba ta taɓa ba.

Ya zo ya tsaya gaban suruki, ya share gumi. "Baba, an gama."

"Sannu Injiniya. Sannu da aiki. Iskar gonar nan ta nomu sosai."

Sai a lokacin ya juya. Gona tana nan yadda ya same ta, sai dai sawun taya ko'ina. Amma bakinsa bai mutu ba.

"Ai haka ake yi, Baba. Zagayen farko na gabatarwa ne, don inji ya san gonar."

"To sun gaisa. Yanzu a shiga maganar da ta kawo shi."

Ya tura liba, shiru. Ya ja, ya sake turawa, ya buga mata tafin hannu, shiru. Ƙanin matarsa ya taso yana riƙe ciki.

"Yaya, ko ƙyamar ƙasa take yi? Ka san sabuwa ce, kada ta ɓata jikinta."

"Rufe min baki! Tauri ne na sabunta. Nauyi take so. Hau!"

Ƙato ya haye kan garma, ya yi tsalle, ya yi rawa. Ko gezau. Suka ɗora duwatsu. Suka ɗora jarkar ruwa. Tsoho ya ɗaga kai ya dubi rana, ya damƙi ƙasa ya ji ta fara tsane, sai hankalinsa ya tashi da gaske.

"Na ce a yi min kunya a gona, an kuwa yi min ita, sai dai ba irin wadda ake shuka a kai ba. Sauka, kai! Ni na fi ka jiki."

Ya tattare riga, aka tallafe shi ya hau, ya zauna daram a kan garma yana rarraba ido.

Da mutumin ya ga abin ya kai ga surukinsa a sama, sai ya haɗiye girman kai, ya koma kujera ya kira mai sayarwa a waya.

"Ka sayar min da garmar da ba ta sauka!"

"Kana kan kujera yanzu?"

"Ina kai."

"To sunkuya ka duba tsakanin ƙafafunka. Akwai wani ɗan abu, ka taɓa shi?"

"Kai, ka kama mutuncinka! Surukina na ji."

"Mamurɗi nake nufi, bawan Allah! Mai kama da kan famfo. In a rufe yake, ka sassauta shi, amma a hank..."

Ya katse waya. Shi dai tun da yake bai taɓa barin mai sayarwar nan ya ƙarasa magana ba. Ya sa hannu biyu, ya cije leɓe, ya warware abin gaba ɗaya. Ya manta liba na gaba, ya kuma manta wanda ke baya.

Rim! Garma ta faɗo. Duwatsu suka watse, jarka ta fashe, tsoho ya yi sama ya dawo da mazaunai cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya lume. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu, don yawon da aka sha tun safe ya lashe man tas.

Ƙato ya faɗi yana birgima, yana shessheƙar dariya. Mutumin ya diro, ya kama hannun surukinsa ya ciro shi.

"Baba, sannu! Ka gani ko? Ta sauka. Yanzu mai kawai zan je in nemo, zuwa gobe..."

Tsoho ya dafe ƙugu, ya tsaya yana duban ramin da ya bari a ƙasa, mai zurfi, mai kyau, ga danshi. Ya dubi sauran gonar. Sannan ya miƙa masa hannuwa biyu.

"Tun safe nan ne kaɗai wurin da ya nomu. Ɗaga ni, Injiniya, ka sake yar da ni a gaba, ko ma gama kafin ƙasa ta bushe."